Uwar da Ta Ce Ba Tata Ba Ce

Shafi na 23

Salama a gare ku, masu bibiya. Na ga ƙorafinku cewa na bar ku tsaye a ƙofar ofis har kwana huɗu. To, ga ƙofar an buɗe. Wanda ya shigo yau kuwa, ya sani muna Parakou ne, a ƙasar Dahome, cikin shekara ta 1966, kuma Malam Jatau ne ke ba da labari da bakinsa.

*

Saura awa biyu jirgin ƙasa ya tashi zuwa Kwatano aka ƙwanƙwasa ƙofar ofis.

Ina tsaye ina duba takardun Zinariya karo na uku. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, wadda ta fi kowa kaifin kai a ajina a gidan marayun mishan. Wani iyali a Suwizalan sun nemi su ɗauke ta, hukuma ta sa hannu, kuma Madmazel Berta, shugabar gidan, ita da kanta za ta raka ta har bakin teku. An ɗaure kayanta tun jiya. An yi mata sabon kitso.

Na buɗe ƙofa.

Malam Labbo ne, falken goro na Djougou, yayan mahaifin yarinyar. Jar ƙasar hanya ta rine masa gemu. A bayansa wata mace ce tsaye, ta ja mayafi har bisa hanci, ta rungume wani ɗan ƙulli.

"Mushe Jatau, mun kwana lafiya?" in ji shi. "An ce za ku sa mana yarinya a jirgin ruwa."

Shekarata guda ke nan da baro Zariya da diflomar koyarwa don aikin sa kai, amma har yanzu in an kira ni Mushe sai na ji wani iri. A nan malamin makaranta ake nufi. A gida kuwa abincin ungulu ne.

"Lafiya lau, Malam Labbo. Ai kai ka dangwala hannu a takardar."

"Na dangwala a kan lakwal, makaranta ke nan. Lakwal ɗin Parakou, inda in na kawo goro zan leƙa ta. Ban dangwala a kan teku ba."

"Takardar ta nuna yarinyar ba ta da uwa, ba ta da uba."

"Uba kam, Allah ya ji ƙansa. Uwa kuwa ga ta nan." Ya nuna bayansa da haɓa. "Jiya Tani ta fita takaba, yau muka hau kamiyo, babbar motar kaya, tun asuba."

Sai a lokacin na gane matar.

Wata huɗu da 'yan kwanaki da suka wuce, bayan sanƙarau ya ratsa Djougou, mun je gidansu ni da Madmazel. Cutar ta ɗauke mahaifin Zinariya da kakarta, Inna Gaji, cikin mako ɗaya. Madmazel ta hango wannan matar zaune a kan tabarma cikin ɗaki, ta ce in tambaye ta ko 'yarta ce. Na tsaya daga bakin ƙofa na tambaya. Matar ta juya fuska bango ta ce, "Ba tawa ba ce. 'Yar Gaji ce."

Na fassara kalma bayan kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Tun da Gaji ta rasu, sai na ɗauki alƙalami na rubuta a fom da mafi kyawun rubutuna: Uwa, ta rasu.

"Amma da bakinta ta ce mini ba tata ba ce!" na ce.

Malam Labbo ya dube ni kamar yadda ake duban goron da ƙwaro ya ci.

"To, me za ta ce? 'Yar farinta ce fa. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa kakarta, yadda ake yi. Wace uwa ce mai tarbiyya za ta buɗe baki ta ce 'yata, ina zaune, ni yayan mijinta? Ko sunanta ba ta taɓa kira ba. Mushe, kai ba Bahaushe ba ne?"

"Bahaushe ne."

"Na wane gari?"

 A gidan marayun mishan na tashi, a hannun Turawa. Na taɓa jin labarin kunyar ɗan fari, amma na ɗauka irin abin nan ne na dā da ake karantawa a littafi. Wanda bai tashi a gaban uwa ba, a ina zai ga yadda uwa ke ɓoye ɗanta?

"Kai da kake zaune a wurin, me ya hana ka gyara mini?" na ce.

"Ni na san me kake gaya wa Baturiya? Na ji ta amsa yadda ya kamata, na ga kana rubutu, na ce yaron kirki."

Daidai nan Madmazel Berta ta shigo, da malfarta a ka da jakarta a hannu. Mace ce da ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanke gyambon 'ya'yan mutane, ba wanda zai ce muguwa ce. Amma in ta kafa ƙa'ida, ta kafu. Da Turanci muke magana da ita. Na yi mata bayani ina in'ina kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Ta ajiye jakar a hankali.

"Mista Jatau, ka tuna bara? Wata ta zo da kuka ta ce ita ce uwar wani yaro. Muka ba ta. Bayan wata biyu muka tsince shi a kasuwa yana ɗaukar kaya, da shatin bulala a bayansa."

"Na tuna, Madmazel."

"Tun ranar na ce ba na sakin yaro sai uwa ta faɗa da bakinta, a gabana. Idan uwarta ce, ba inda yarinyar za ta je. Ni ba ɓarauniyar yara ba ce. Tambaye ta."

Na ji sanyi a raina. Ashe abin mai sauƙi ne. Kalma biyu kawai.

"Baiwar Allah, Madmazel na tambaya. Zinariya 'yarki ce?"

Tani ta durƙusa, ta dubi ƙafar tebur.

"Waccan? 'Yar Gaji ce."

"Madalla!" in ji Malam Labbo, har da gyara zaman hula. "Ka ji 'yar gidan mutunci."

"Malam Labbo! Ba lokacin madalla ba ne!"

"To, in ce ta yi rashin kunya?"

"Don Allah ka ɗan fita waje."

"In fita? Ni da na biya kamiyo?"

"Domin kai take jin nauyi. Ka fita, ka yi nisa, ka je gindin mangwaron can."

Ya fita yana gunaguni a kan yaran zamani masu wando tsuke. Na rufe ƙofa. Na dubi agogo. Saura awa ɗaya da minti ashirin.

Na durƙusa ni ma, don kada in yi mata magana daga sama.

"Baiwar Allah, ya fita. Daga ni sai Baturiya, ita kuwa gobe ba za ta ba kowa labari a Djougou ba. Ki ce 'yata ce. Shi ke nan."

Ta ci gaba da duban ƙafar tebur.

"Kin san inda za a kai ta?"

"An ce nesa."

"Ba irin nesan Gwanja ba ne da kakanninku ke zuwa su dawo da goro. Wannan in ta tafi, ta tafi. Za ta manta Hausa. Za ta manta ke."

Yatsunta suka ƙara damƙe ƙullin.

"An ce waccan ba ta son sanyi," ta ce a hankali. "An ce in ta yi mura sai an dafa mata citta. An ce tana da tabon ƙuna a bayan gwiwar hagu, garwashi ne, tana rarrafe."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"Ke kika gani! Ke kika ɗauke ta daga garwashin, ko ba haka ba?"

"Mushe, kai ka rubuta. Kai za ka goge."

"Ba a goge takardar da hukuma ta buga wa hatimi!"

"To, me ya kai ka rubuta abin da ba a gogewa, alhali ba ka sani ba?"

Na yi jarrabawa iri-iri a rayuwata, ba a taɓa yi mini tambayar da ta fi ƙarfina kamar wannan ba.

Na fassara wa Madmazel batun tabon. Ta girgiza kai.

"Kowace mace a gidan za ta san tabo. Ba tabo na tambaya ba. Sake tambayarta, sau ɗaya."

Na sake. Tani ta ce, kamar mai raɗa, "Ba tawa ba ce."

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara tafinta. Na miƙe, na gyara wuyan rigata, na dubi Madmazel na ce, "Ta ce 'yarta ce."

Madmazel ta cire tabarau. Ta dube ni tsawon lokaci. Sannan ta yi magana da Hausa, Hausar da ni na zauna ina koya mata kullum bayan an tashi daga aji.

"Ba… tawa… ba… ce. Na ji, Mista Jatau. Kai ka koya mini."

Na so ƙasa ta tsage.

"Madmazel, ki gafarce ni. Abin da bakinta ya faɗa ke nan, amma ba shi take nufi ba. A wajensu uwa ba ta amsa ɗanta na fari. Ƙin amsawar ita ce shaidar. Da a ce 'yar wata ce, da tuni ta rungume ta tana kiran sunanta. Kuskurena ne. Ni na rubuta ta rasu. In za a kori wani, ni za a kora."

"Wato in ta ce a'a, i take nufi."

"A wannan maganar, haka ne."

"In kuma ba uwarta ba ce, me za ta ce?"

 

"A'a za ta ce," in ji Madmazel. "Ka gani? Wane Jatau zan gaskata, na Djougou da ya rantse mini ba ya sauya kalma, ko na yau da na kama yana sauyawa? A kira yarinyar. Yara ba su iya wannan wasan ba."

Na je da kaina na kira ta. Muna tafe ina addu'a a zuciyata. Zinariya ta shigo da sabuwar rigarta mai kwala da takalmin da bai saba da ƙafarta ba. Da ta ga matar, fuskarta ta yi haske, ta yi taku biyu da sauri, sai kuma ta tsaya cak. Ta durƙusa daga nesa.

"Yaya Tani, sannu da zuwa."

Tani ta juya fuska bango, daidai yadda ta yi a Djougou. "Sannu," ta ce wa bangon.

Madmazel ta sunkuya. "Zinariya, ina innarki?"

"Inna ta rasu, Madmazel. Sanƙarau."

"Wannan fa?"

"Yaya Tani ce. Ta gidanmu."

"Zinariya," na sa baki, "wa ya haife ki?"

Yarinyar ta saci kallon Tani, ta sunkuyar da kai, ta fara wasa da igiyar takalmi. Ta sani. Na rantse ta sani. Amma ita ma Inna Gaji ta yi mata tarbiyya, kuma tarbiyyar ta kama.

Wannan yarinya da ke karanta mini shafi guda ba tuntuɓe, yau ta rasa kalma ɗaya!

Madmazel ta mayar da tabarau, ta ɗauki jakarta.

"Na tambayi babba, na tambayi ƙarama. Ɗauko akwatin, Mista Jatau. Za mu makara."

*

Tashar Parakou nan ne ƙarshen dogo, saboda haka duk wanda ke da kaya a arewa a nan yake tsayawa. Ranar cike take maƙil. Masu shanu daga Borgu, mahauta, mata masu doya, da fataken goro na Djougou da ke jiran huhunansu. Rabin su sun san Malam Labbo. Tun daga ƙofar tasha ake ta "Labbo, yaushe a gari?" yana amsawa yana raba goro kamar ya zo biki.

Na sa akwatin a tarago. Madmazel ta zaunar da Zinariya a bakin taga, ta zauna kusa da ita. Na sauko.

Tani na tsaye jikin wani ginshiƙi. Da ƙafa ta biyo motarmu tun daga mishan, gumi ya jiƙa mayafin.

"Malam Labbo," na ce, "ka ba ta izini. Ka ce ka yafe mata kunyar yau kaɗai."

"Ai ba tawa ba ce da zan yafe. Ita ma haka uwarta ta yi wa yayanta. Ni kaina ɗan fari ne. Har Inna Gaji ta koma ga Allah, 'mai sunan malam' take ce mini."  A karo na farko na ga goron ya tsaya masa a baki. "Amma dai ita ba a zo ɗauke mata ni a jirgi ba."

Ya juya baya, ya yi kamar yana duba huhun goron wani.

Tani ta matso. Ta miƙo mini ƙullin ba tare da ta dube ni ba.

"Mushe, ka ba waccan."

"Mene ne a ciki?"

"Dakuwa. Da riga. An ce ta ƙara tsawo, an sake mata ƙasa."

Wata huɗu tana cikin takaba, ba ta ga yarinyar ba, amma ta zauna ta lissafa tsawon da ta ƙara ta saki ƙasan riga. Ni mutum ne mai lallaɓa magana. A kwaleji har tsokanata ake yi cewa ina neman gafarar ƙofa kafin in buɗe ta. Amma ranar wani abu ya tsinke mini.

Na mayar da hannuwana baya.

"Ba zan karɓa ba."

"Mushe…"

"Ban san wata waccan ba! Yara talatin da biyu ne a ajina, kowa da sunansa, ba mai suna waccan. Ni na yi kuskure, na amsa, na faɗa a gaban shugabata, wataƙila gobe in koma Zariya da jakata. Ke kalma ake nema. Kin iya tafiya daga Djougou, kin iya bin mota da ƙafa, kin iya ɗinki, kin iya dakuwa, amma kalma ta gagare ki?"

"Mutane na kallo."

"Su kalla! Gobe ma suna nan. Jibi ma suna nan. Ita ce ba ta nan!"

Mutane kam suna kallo. Wani mahauci ya ce, "Kai, mushen lakwal ya haukace." Wata mai doya ta ce, "Ku bar shi, ɗan Ingilishi ne, daga Zariya ya zo."

Ma'aikacin tasha ya busa usur.

Aka fara rufe ƙofofi, ɗaya bayan ɗaya, ƙarar na matsowa. Zinariya ta manna goshi a jikin ƙarfen taga. Ba ni take kallo ba. Ba kuma Tani take kallo ba, domin ba a kallo. Ginshiƙin da ke kusa da Tani take kallo.

Usur na biyu.

Na ji ƙullin ya faɗi ƙasa. Dakuwa ta gangaro kusa da takalmina.

"ZINARIYA!"

Ban san muryar na iya fita daga jikin nan ba. Ta ratsa kukan shanu, ta ratsa hucin injin. Mayafin ya zame ya sauka a kafaɗa, ba ta ja shi ba.

"Zinariya! Sauko!"

Duk 'yan Djougou da ke tashar suka yi tsit. Wata tsohuwa ta kama baki. Malam Labbo bai juyo ba, amma na ga ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Yarinyar ta miƙe tsaye a kan benci.  Ta kama hannun rigar Madmazel tana ja.

"Madmazel, ta kira! Ba ta taɓa kira ba! Tun da aka haife ni ba ta taɓa kira ba!"

Madmazel ta dubi yarinyar. Ta dubi matar da ke tsaye kai ba mayafi a gaban mazan garinsu, hawaye na zuba, ta ƙi sunkuyar da kai. Ta dubi tsohuwar da ta kama baki. Sannan ta leƙo ta taga ta neme ni.

"Mista Jatau! Suna kawai na ji. Me ta ce?"

Na ruga bakin tagar.

"Ta ce 'yarta ce, Madmazel. Wannan karon na fassara daidai."

 Sai ta miƙe, ta bar jakarta a kan benci, ta kama hannun Zinariya ta nufi ƙofar tarago.

Sai jirgin ya motsa.

*

Mu haɗu a shafi na gaba.